Golmona a Gonar Siminti

A jikin bangon ɗakin taron makarantarmu akwai allon da aka rubuta cewa Bishop ne ya buɗe ginin. Ban musa ba, da idona na ga almakashin da ya yanke ƙyallen buɗewa da shi. Amma buɗewa daban, ɗaukar bulo daban. Duk shekara idan aka tara sababbin ɗalibai ana ba su tarihin makarantar, akan ce musu imani ne ya gina ta. Ni kuwa daga layin malamai sai in yi gyaran murya, domin na san abin da ya gina rabinta. Neman aure ne, kuma nawa ne.

Makarantar Katolika ce, a bayan garin Zuru ta hanyar Manga. Wani Fada, wato limamin coci, Bature ne ya kafa ta da ɗaki biyu na laka, a gonar dawar wani tsohon soja da kowa ke kira Baba Saje. Ya dawo gida da fansho, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, sai ya ba coci gonar kyauta, ya kuma naɗa kansa maigadin makaranta ba tare da kowa ya ɗauke shi aikin ba. Lokacin da na zo koyar da lissafi, a farkon shekarun dubu biyu, Baturen ya koma ƙasarsu. An kawo sabon Fada, mutumin kudancin Kaduna, gajere, mai murmushin da ba ka sanin ya sa ka aiki sai ka ga kana zufa. Makarantar a ƙaramar sakandare ta tsaya. Yaro na gama aji uku sai ya kama gabansa. Burin Fada shi ne ta zama babbar sakandare mai tura yara jami'a, amma aljihun coci bai san da wannan burin ba.

Ni ɗan Zuru ne, amma a takarda. Mahaifina soja ne, a bariki aka haife ni, a bariki na yi wayo, daga Kaduna zuwa Legas. A C'lela, harshen iyayena, gaisuwa kawai na iya sai ɗan zagi. Al'adunmu na Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, labarinsu kawai nake ji a bakin tsofaffi idan sun sha sun ƙoshi.

'Yar Baba Saje nas ce a ƙaramin asibitin mishan. Zazzaɓi ya kai ni wurinta, ta yi mini allura tana ce mini ƙato kamata bai kamata ya rufe ido ba. Na warke sarai, amma na ci gaba da kamuwa da zazzaɓi duk mako, har ranar da ta ajiye ma'aunin zafi ta ce, "Malam, in magana ce da kai ka faɗa. Kana ƙarar mana da magani."

Na faɗa. Baffana, wanda ke zaune a ƙauye, ya je wurin Baba Saje ya dawo da amsa: an yarda, amma sai na yi golmo. Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata, shi da abokansa, damina bayan damina. Da na ji haka sai dariya ta kama ni. Mutumin da ya kyautar da gonarsa, ina zai sa a yi masa noma? Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na sa riga mai kyau na tafi gaishe shi.

"Baba, na ji an ce golmo. To amma ai gonar an ba coci."

Ya dube ni daga takalmi har sumar kai. "Gona tana nan inda take, Malam. Shuka ce kawai ta canza. Da dawa ce, yanzu yara ne. Asabar da asuba ka zo da mutanenka."

Mutanena dai malamai ne 'yan uwana, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da ya fi kwalin alli nauyi. Wanda na fi tausaya wa shi ne malamin Hausa, Musulmi ne mutumin Argungu, siriri kamar karan dawa. Zumunci kawai ya kawo shi. Da aka ɗora masa kwanon yashi a ka sai ya ce, "Wanga aure naka akwai tsada, Malam. Mu can garinmu goro aka kaiwa. Ba a taɓa ce muna mu gina aji ba."

Baba Saje kuwa abin nema ya samu. Shekara da shekaru bai sami wanda zai yi wa fareti ba. Yakan jera mu, ya daka mana "Atanshan!", ya bi layi da sandarsa yana duba yadda muka riƙe shebur. Duk bulon da muka buga sai ya hau kansa da takalmin soja. In ya fashe, a sake. Ɗalibai na leƙe ta taga, ranar Litinin kuma da na juya ga allo sai in ji wani ya ce "Atanshan" ƙasa-ƙasa. Ban taɓa kama ɗan banzan ba.

Kafin damina ta zagayo mun tada azuzuwan babbar sakandare har an sa kwano. Na sayi sabon takalmi, na zauna jiran Baba Saje ya sallame ni. A bariki haka na ga ana yi: ƙaramin soja ba ya sallamar kansa, yana nan tsaye har sai na gaba ya ce ya tafi. Maimakon sallama sai ga Fada da murmushinsa.

"Malam, Allah ya yi albarka. Ka dai san ba za a bar yaranmu su zana jarrabawar fita a nan ba sai muna da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya."

Baba Saje yana tsaye kusa da shi, ya gyaɗa kai. Ni kuma na ɗauki gyaɗa kan nan a matsayin oda. Na mayar da takalmin cikin kwalinsa.

Bayan ɗakin kimiyya sai ɗakin kwanan ɗalibai mata, domin iyaye daga Wasagu da Dirin Daji sun ce ba za su turo 'ya'yansu su raɓe a gidajen mutane ba. Bayan shi sai rijiya. Bayan rijiya sai katanga, don awakin unguwa sun fi ɗalibai zuwa aji a kan lokaci.

Ana cikin haka Fada ya gane ya tsinci dami a kala. Wata Lahadi ya yi wa'azi mai zafi a kan wani bawan Allah na zamanin da, wanda ya yi wa surukinsa kiwo shekara da shekaru saboda so. Bai kai ga wurin da aka yaudari mutumin ya sake sabon lale ba, a nan ya ce mu tashi mu yi addu'a. Kafin wata ya ƙare, dattawan coci masu 'ya'ya mata sun fara turo surukansu aikin makaranta. Mai 'ya'ya mata huɗu ya wayi gari yana cikin kwamitin gini, ana ba shi kujera mai hannu. Mai 'ya'ya maza zalla kuwa ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa. Ranar Asabar filin makaranta kan cika da samari, kowa da tawagarsa, kowa yana aiki yana satar kallon inda surukinsa ke zaune.

Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne, samarin da suka zo bayana sai su yi damina ɗaya ko biyu, in ji ana sanarwar aurensu a coci. Har waliyyin ango na zama wa wani da na koya wa kwaɓa siminti. Na ce a raina, ai nawa surukin soja ne na gaske, dole horonsa ya fi tsawo. Ita ma 'yar tasa haka ta ɗauka, don ita ma 'yar bariki ce, daga nan kuma sai makarantar nas. Duk ranar da ta taso masa da maganar, sai ya ƙara muryar rediyo. Na kai kukana wurin Fada a gindin mangwaron da ke ƙofar gidansa, ba sau ɗaya ba. Kullum amsa ɗaya ce: "Haƙuri, Malam. Mai haƙuri yakan dafa dutse." Ni kuwa har na dafa, na fasa, na kwaɓa shi da siminti.

Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na manta da haushina. Ranar da sakamakon ɗalibanmu na farko ya fito ce. Wasu suka sami jami'a a Sakkwato, wasu a Zariya. Wata yarinya daga Dirin Daji, wadda ta zo mana ba ta taɓa ganin kwalbar gwaji ba, ta sami gurbin karatun haɗa magunguna. Na shiga ɗakin kimiyya na rufe ƙofa na yi kuka. Daga nan sunan makarantar ya tafi, har 'yan kasuwa Musulmi suka fara kawo 'ya'yansu. Da ɗalibai suka yi yawa, Fada ya ce ai bai dace makaranta irin wannan ta rasa ɗakin taro ba.

A wannan shekarar ce idon Baba Saje ya fara mutuwa. 'Yarsa ta kai shi asibitin ido a Kaduna, aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ta ɗiga magani. Bai fasa zuwa ranar Asabar ba, sai dai yanzu a zaune yake ba da oda.

Wata Asabar ina saman katako muna ɗaura lintar ɗakin taro, sai na hango 'yar tasa tafe cikin fararen kayan aiki, tana tafiyar da ta sa samari suka buɗa mata hanya.

"Malam, sauko."

Na sauko.

"Yanzu ina ɗiga wa Baba magani ya tambaye ni, wai ko ka fasa ne."

"Na fasa? Da wannan simintin a kunnena?"

"Ya ce golmonka ya cika tun ginin farko. Yana ta jiran mutanenka su zo su ce ɗansu ya gama. Wai uba ba ya buɗe baki ya ce a zo a ɗauki 'yarsa, kamar mai tallan doya."

"Ni kuma jira nake ya sallame ni!"

"To sannunku da jira, ku biyun," in ji ta, idonta ya cika da hawayen takaici.

Malamin Hausa ya sauke kwanon yashi a hankali, ya yi salati. "Ashe duk wahalar ga da munka sha, kyauta ta? Hwada ya san da wagga magana?"

Ashe ya sani. Baba Saje, da ya ga ina ta gini ba maganar aure, ya ɗauka ko himmar aikin Allah ce ta kama ni, ko kuma neman hanyar zamewa nake. Shi ma gindin mangwaron nan yake kai kukansa, shi ma a ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse. Baffana kuwa, da na aika masa, cewa ya yi ai ni ne zan ce masa na gama, ya zaci birkilanci ya yi mini daɗi.

Ban ko wanke hannu ba na nufi gidan Fada. Na same shi yana ɓarar gyaɗa.

"Fada, kun san Baba yana jirana, ni ma ina jiransa?"

"Malam, abin da mutum ya faɗa mini a asirce ba na kai wa wani."

"Ai ba wurin ikirarin zunubi na faɗa muku ba. A gindin mangwaro ne!"

"Mangwaron coci ne," in ji shi. Ya miƙo mini gyaɗa. "Kuma ka ga ɗakin taron nan saura rufi kawai."

Na faɗa masa maganganu a ranar, waɗanda daga baya dole wurinsa na koma na yi ikirarinsu, don ba wani Fada a kusa. Da yamma ya zo ɗakina da kansa, ba murmushin nan. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Duk shekara sai in ce bari a gama wannan ginin tukuna. Ban ɗauka idon zai yi sauri haka ba." Na so in ci gaba da fushi, kuma na ci gaba, amma ba kamar da safe ba.

A makon nan baffana ya je da dattawa ya ce ɗansu ya gama. Baba Saje ya ce, "Sai yau?" Aka sa rana bayan bikin Ista.

Ranar auren coci ya cika, 'yan ƙungiyar zumuntar matan coci na kaɗa tukwanen kiɗa, malamin Hausa yana zaune a benci na ƙarshe da babbar rigarsa, ya ce sai ya ga ƙarshen abin da ya karya masa wuya. Baba Saje ya shigo cikin kakinsa da lambobin yabo, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Baƙi sun ɗauka shi ke rako ta, mu kuwa mun san ita ke yi masa jagora. Da suka iso gabana ya laluba ya sa hannunta cikin nawa, amma bai koma ya zauna ba. Ya kama hannun rigata ya jawo ni kusa.

"Malam, ta yi kyau?"

"Ta yi kyau, Baba."

"Rahoto na tambaye ka, ba gaisuwa ba."

Nan a gaban bagade, teburin ibadar coci, jama'a na jira, na ba shi rahoto. Na ce farar riga ce har ƙasa, da lulluɓi mai shara-shara. Na ce an yi mata kitso ƙanana an tattara su baya. Na ce tana so ta yi dariya tana kuma so ta yi kuka, don haka ta cije leɓen ƙasa, ta ɗaure fuska kamar za ta yi wa wani allura.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Uwarta ke nan. Haka ta yi a ranar namu." Sannan ya ce, "Da bara waccan ne, da na gani da kaina."

Bai ɗaga murya ba, amma Fada ya ji. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya daɗe yana kallon littafin da ke hannunsa kafin ya iya farawa.