Allin Inna

Shekarar da Inna ta zame a bakin rijiya, faɗuwar ba ta kai ta kawo ba, amma wuyan hannunta ya karye kamar karan dawa. Muka ɗauke ta daga Maiyama zuwa Aliero wurin mai ɗori. Yana ɗaure mata karare tana zaginsa, shi kuwa yana amsawa da amin.

Ƙanwata da ke aikin jinya a Jega ta dage sai an ga likita. Likitan ya duba hoton ƙashi, ya ce ƙasusuwan Inna sun fara rarakewa, abin da kan sami mata idan shekaru sun ja. Ya ce tana buƙatar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kuma akwai shi a cikin wani maganin ƙwannafi da ake taunawa. Ƙwaya biyu a rana, tare da abinci.

Inna ta juya farar ƙwayar, ta lasa, ta dube shi, ta nuna ƙanwata. “Ɗan nan, wanga alli na. Da ina da cikin wagga yarinya, farar ƙasa nika ci a ɓoye ana yi min faɗa. Yanzu kai ka yi karatu shekara da shekaru ka dawo min da ita cikin kwalba?”

Likitan ya yi dariya, ya ce ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Matsalar ita ce abin ya yi mata daɗi, don yana da ɗanɗanon minti. Ta daina goro. Ta zuba ƙwayoyin a gefen zane, tana jefawa baki tana tankaɗe. Ƙawayenta tsofaffi suka riƙa zuwa dubiya ba fashi, kowace ta fita da farin baki. Har a wani suna na gan ta tana rabawa.

Bayan sati biyu ciki ya ɗaure. Kwana huɗu tana shiga bayi tana fitowa da fushi, ta ce wata maƙwabciya ce ta yi mata baki. Ƙanwata ta zo ta ƙirga kwalaben da suka ƙare, sannan ta ce wuce ƙa'ida yana iya taɓa ƙoda ma.

Aka miƙa kwalbar hannun matata, tana ba Inna biyu kullum, aka ƙara mata nono a fura. Inna ta yi gaba da mu duka kwana uku. Ƙawayen kuwa, ko da hannun bai gama warkewa ba, sun daina zuwa dubiya.