Kanwa a Kwamin Tarwaɗa

Shekarar da gulbi bai kawo ruwa ba, a babban fari na biyu, ina zaune gidan mahaifina a wani ƙauye tsakanin Tibiri da Gidan Rumji. Mijina ya ƙetara Najeriya neman abin da za a ci, bai aiko ba, ban kuma ji haushinsa ba. Ɗiyata ta fari kyanda ta ɗauke ta tun da kaka, in har za a kira abin da muka gani bana ɗin nan kaka. Na yi kuka ranar da aka kai ta, daga nan abin ya ƙafe. In tashi, in ja ruwa, in kwanta. Idan aka ce wane ya rasu sai in ce Allah ya jiƙansa, in ci gaba da abin da ke hannuna. Ba ni kaɗai ba ce, duk garin haka muka koma.

Baba yana da wani aboki Bafillace, tsoho dogo, mu yara muna ce masa Baffa. Tun ba a haife ni ba, duk shekara in an kwashe amfanin gona yakan sauko da shanunsa gonarmu, su ci kara, su kwana a kai, su zuba taki. Mu kuma kullum da yamma a kai masa akushin tuwo, ranar da zai tashi a ɗora masa dammunan gero. Ba wanda ke ce wa wani na gode, don ba wanda ya yi wa wani kyauta. Tsakaninsu da Baba kuwa sai tsiya. Baba ya ce masa mai bin bayan saniya yana zaton shi ke jan ta, shi kuma ya ce Kaɗo, wato Bahaushe, yana tonon ƙasa tun yana yaro, har yau bai tsinci abin da ya yar ba.

A wannan shekara ya zo ba saniya ko ɗaya. Daga shi sai sanda a kafaɗa da wata jakar fata. Iyalinsa ya baro su wurin rabon tsaba a Maraɗi, shi ya ce ƙafarsa ba ta iya tsayuwar layi. Ya zauna gindin gawon da ke kusa da rijiyarmu ta fadama, inda ya saba kafa bukkarsa. Da yamma Baba ya ce in kai masa akushi kamar kullum. Abin da ke ciki bai cancanci a kira shi tuwo ba, dusa ce da ganyen tafasa, amma shi muke ci. Na ajiye, na dawo da safe na tarar ko murfin bai ɗaga ba.

Ya ce, "Mai da ma Kaɗo abinai, ɗiyata. Shanu ba su zuba komi ba bana."

Haka aka yi ta yi. Ruwa kawai yake sha, sai ɗan abin da ya tsinta a daji. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo liman ya yi masa nasiha a kan abin da ya halatta ga mai yunwa. Baffa ya saurara da ladabi, ya yi godiya, akushi ya dawo cike. Ni dai na ga mutum zai mutu a gindin gawonmu da abinci a gabansa, na kuma lissafa a raina cewa in ya mutu sai an nemi masu ƙarfin haƙa kabari, su kuwa sun yi ƙaranci.

A lokacin ne kududdufin ƙarshe na cikin gulbi ya koma taɓo. Mutanen gari suka afka suka kwashe manyan tarwaɗa, aka bar ƙanana masu tsawon yatsa suna mutsu-mutsu. Baba ya je da tulu ya tsinto su. Kusa da rijiya akwai kwamin siminti, dogo, wanda shanun Baffa suka saba shan ruwa a ciki. A ƙasa da shi kuma Baba ya ja fangula na shuka kayan lambu, don hukuma ta matsa a yi noman rani, har an raba irin salati da shu, wato kabeji, da tumatur. Ya huda kwamin daga gindi, ya toshe da itace da tsumma, ya ja ƴar hanyar ruwa zuwa fangulan. Ya sa na cika kwami, ya juye kifayen, sannan ya kira abokinsa.

"Bahillace, ga garke na samo maka. Kiwo naka, taki nau."

Na ɗauka tsiyar ta wuce wuri. Mutumin da ya binne shanu, a nuna masa abin da bai taɓa sa wa a baki ba, wanda yake cewa ɗan'uwan maciji ne. Baffa ya tsuguna ya daɗe yana kallon ruwan. Da ya ɗago, sai ya tambayi me suke ci. Ranar da yamma akushi ya dawo wayam. Ban ji daɗi ba, ban ji komai ba, na ga dai an ƙara mini abin wankewa.

Jan ruwa nawa ne, kuma na ja shi ina tsaki. Rijiyar ta yi ƙasa, igiya ta tsattsage mini tafin hannu, ga shi kifi ake ja wa. Kowace safiya Baffa ya zare toshiyar, ruwan da ya kwana da kashin kifi ya gangara cikin fangula, ya mayar da toshiya kafin kwamin ya ƙare, ni kuma in cike da sabo. Abincinsu gara ce. Yakan cusa busasshen kashin dabbobi da tattaka a fasasshiyar tukunya, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a kan shuri, in ya ɗaga sai ga ta fal. Baba ya ce ga mushe ko'ina a bayan gari, tsutsa ta fi gara sa ƙiba. Baffa ya ce garkensa ba zai ci saniya ba, aka bar maganar.

Babu wanda ya koya mana, da ɓarna muka koya. Ranar da ya cika musu abinci ruwan ya yi wari, suka taso sama suna haki, sai da na ja guga har bayana ya riƙe. Da rana ta dafa kwamin muka rasa wasu, ya saƙa zana ya yi musu rumfa. Shirwa ta gane wurin, ya jera ƙaya. Sannan ya lura suna raguwa ba gawa, ashe manyan ke haɗiye ƙananan. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin dabba marar tarbiyya irin wannan ba. Ya ware ƙananan a tsohuwar randa, yana ce musu maruƙa.

Ya san su ɗaya bayan ɗaya, ko dai ya ce ya san su. Akwai baƙa, akwai mai tabo, akwai wata mai guntun gashin baki da ya ce ta fi kowa rowa. Yakan ƙyasta harshe irin yadda yake kiran shanu, su kuwa su taso. Baba ya tsaya a kansa ya ce yaushe za a fara tatsa, mata suna jiran nono. Baffa ya ce Kaɗo ya yi haƙuri, ya duba gonarsa tukuna. Gaskiyarsa kuwa. Fangulan da ke shan ruwan kwami sun yi kore shar, salatin ya yi faɗi, waɗanda nake ba ruwan rijiya zalla suna nan a ƙanjame. Muka fara cin ganye da ƙuli-ƙuli, Baba ya fara kai kaya kasuwar Gidan Rumji yana dawowa da ɗan gero. Wuyan Baffa ya ɗan cika.

Sai sanyi ya shigo, mai tsanani. Kifayen suka kwanta a gindin kwami, suka daina tasowa. Ya zuba gara ta yi ta yawo a kan ruwa ba mai taɓawa. Baba ya ce halin tarwaɗa ne, in rana ta yi zafi za su nemi abinci da kansu, ya ɗaura kayansa a ka ya tafi kasuwa, zai kwana can wurin ƙanwarsa. Baffa ya wuni tsugune. Ina cika tulu ya ce mini haka shanun suka soma, su ƙi ci, su kwanta, ka ɗaga ta da wutsiya ta sake zubewa. Na ce Allah ya kyauta, na ɗauki tuluna.

Duk zaman nan ban taɓa sanin abin da ke cikin jakarsa ba. Ashe dunƙulen kanwa ne, babba, wanda ya saya wa shanu tun suna da sauran ƙafa. Makiyayi in dabbarsa ta ƙi ci, kanwa yake jiƙa mata, ta sha, cikinta ya buɗe. Nasa sun mutu kafin ya sami ruwan da zai jiƙa ta. Ya ɗauko ta tun daga arewa, bai sayar ba ko a ranakun da ba ya cin komai. Da la'asar na jiyo daka a kan dutse daga wajen rijiya, na ɗauka wata ce ke fasa ƙwallon goriba.

Da safe da na iso, ya riga ya zare toshiya kamar kullum, ruwan ya gama shiga fangula. Yana tsaye, sanda a kafaɗa. Kifayen suna kwance a ɗan ruwan da ya rage, ciki sama, jikinsu ya yi wani farin yauƙi. Na sa hannu, ruwan yana santsi kamar na sabulu. Har randar maruƙa bai manta ba, ya ba su rabonsu. Na tsaya ina kallo, abin da ya zo mini kawai shi ne yau ba sai na cika kwami ba.

Kafin azahar salatin ya langaɓe. Baba ya dawo ya tarar da mu. Ya tsoma yatsa a kwami, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya dubi fangula, ya dubi abokinsa, ya dubi jakar da ke yashe ba komai a ciki.

Ya ce, "Sanyi na. Sanyin bana ba shi da kyau."

Baffa ya ce, "Ba sanyi na ba, Kaɗo."

Baba ya gwada tsiya, ya ce dama ya san Bafillace ba zai bar dabba ta mutu ba magani ba. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai ƙarasa ba. Muka kwashe kifin, muka wanke shi ruwa bayan ruwa, muka banda. Rabon gidanmu da wani abu mai kama da nama an daɗe. Na ci, ya kuma yi mini daɗi, ba zan ce bai yi ba. Iska kuwa wajen gawo take kai hayaƙin.

Cikin ƴan kwanaki ganyen ya ƙone ƙurmus, ƙasar fangulan ta yi farin ɓawo. Baba ya ce za a samo wasu kifayen, alhali kowa ya san gulbi ya tsage, ko kwaɗo babu. Ya ce to Baffa ya riƙa gadin fangulan da suka tsira kada awaki su shiga. Awakin garin kuwa an cinye su tuntuni. Na kai akushi da yamma, Baffa ya ɗaga mini hannu tun ban ajiye ba.

"Mai da, ɗiyata. Garke na fari Allah ya karɓa. Wanga ni na kashe, har da gonar mutane."

Ya kamata in roƙe shi. Na nemi roƙon a cikina ban samu ba. Na ajiye akushin kusa da ƙafarsa na juyo. Da gari ya waye akushin yana nan a rufe, jakar tana nan, shi da sandarsa babu. Sawunsa ya yi kudu. Baba ya bi har ƙauyen gaba ya dawo. Daga baya wani ya ce ya ga mai kama da shi wajen Gazawa zai ƙetara iyaka, wani ya ce ba shi ba ne. Iyalinsa ma ba su sake jin labarinsa ba.

Ruwa ya dawo, gulbi ya kawo, mijina ya dawo, na sake haihuwa. Wurin da ruwan kanwar ya bi kuwa ya daɗe ko ciyawa ba ta fitowa, wani farin fili a tsakiyar fadama. Bayan wasu shekaru wasu Fulani baƙi suka sauka gonarmu da kaka. Na zo jan ruwa na ga shanunsu sun wuce kwami ba su sha ba, sun taru a farin filin nan suna lasar ƙasa, suna ture juna. Ƙanena ya ɗauki sanda zai kore su, don suna tattaka bakin fangula. Baba yana zaune gindin gawo, ya tsufa sosai a lokacin. Ya ce a bar su su lasa, kanwar don su aka saye ta.