Minti Tara na Adda Hajjo

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, daidai da 14 ga Rajab, 1446, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajjo Kalilu a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan ta yi kwana shida tana fama da zazzaɓin denggi. Shekararta talatin da shida. 'Yar Yola ce, tana gab da kammala digirinta na uku a kan duwatsun murjani na teku. Ni Hureira, ƙanwarta ce a ɗakin bincike, maƙwabciyarta a unguwar Wangsa Maju, kuma abokiyar nutsonta.

Adda Hajjo, mako biyu ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Ni 'yar Gumel ce, ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na randa ba. Na zo karanta sinadaran ruwan teku ina zaton a kwalba za a riƙa kawo mini shi. Ranar da na faɗa miki haka kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce, "Boleh lah, Hureira," wato zai yiwu da yaren mutanen nan, "wata uku kawai ki ba ni." Wata bakwai aka yi. Kowace Asabar da sassafe kina tsaye cikin tafkin wanka na gidajenmu, ni ina shan ruwa ina tari ina rantsuwar ba zan dawo ba.

Da na ce ban ga yadda zan shiga teku da mutuncina ba, sai kika ja ni Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu sayar da yadi. Muka bi shago-shago kina jan yadi, kina ɗiga masa ruwan gora ki ga ko zai bushe da wuri, masu shago suna kallonmu kamar mun zautu. Da hannunki kika ɗinka mana hijabin nutso guda biyu. Nawa shuɗi, naki ruwan ɗorawa. Kika ce kin zaɓi launin ne don kada ki ɓace mini a ƙasa.

A tsibirin Tioman, kafin ki ɗora mini tukunyar iska a baya, kin koya mini doka. Ba a nutso mutum ɗaya. Idan ɗaya ya yi alamar sama, duka biyun za su tashi, babu tambaya, babu ƙorafi. In an fito kuma, kowa zai rubuta nutsonsa a littafi, abokinsa ya sa masa hannu ya zama shaida.

Burinki ɗaya ne kowa ya sani: ki ga zakin teku. Hotonsu na manne a firijinki shekara huɗu, ga su da gashin baki da manyan idanu, ke kuma kina cewa sun fi kama da 'yan kwikwiyo. Babu su a tekun Malaysia. Sai a Nuwamban 2023 aka karɓi takardunmu a wani taro a birnin Perth, can wata ƙasar, muka samu rana ɗaya tal ta hutu. Muka yi tafiyar awa uku a mota, jirgin ruwa ya kai mu bakin wani tsibiri da ba kowa a kansa sai su.

Ruwan sanyi ƙarara. Muna sauka kan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwan suka iso, suna juyi suna wulƙawa, ɗaya yana cizon filafilin ƙafarki da wasa. Ban taɓa ganin idonki haka ba. Can sai wani ƙato ya zo daf da fuskata ya fesa mini kumfa. Na zabura, ruwa ya cika mini tabarau na nutso, numfashina ya rikice. Na yi miki alamar sama.

Ba ki yi jinkirin ko ƙiftawar ido ba. Kika kama ɗamarar ƙirjina muka tashi a hankali, kika tsayar da ni kusa da saman ruwa na ɗan lokaci kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ina hango su suna zagaye a bayanki, ke kuwa idonki na cikin nawa, ko waiwaye ba ki yi ba. Kafin mu huta iska ta taso, mai jirgi ya ce babu nutso na biyu. Shekara huɗu kina jira, minti tara kika samu.

Shayi kika miƙo mini. Da kika miƙo littafinki don in sa hannu na ce hannuna na rawa, sai an jima. Yau zan faɗi gaskiya, Adda: kunya ce. Na kasa kallon shafin da zai nuna abin da na hana ki. Duk ranar da kika ce, "Hureira, littafin nan fa," sai in kawo wata maganar. Na yi miki alkawarin za mu koma in kin gama, na ɗauka lokaci namu ne. Wannan abu ya ci mini rai wata goma sha huɗu, kuma da kika rasu sai ya fi komai nauyi.

Ina cikin waɗanda suka yi miki wanka, tare da matan masallacin unguwarmu. Da maza suka ɗauke ki na tsaya a ƙofa. Wannan tafiyar ba a yin ta mutum biyu.

Bayan kwana bakwai mijinki, Malam Abdulmajid, ya aiko mini da littafin. Ya ce tun kina asibiti kika ce masa akwai aikina a ciki. Na buɗe shafin, na ga rubutunki mai kwanciya gefe:

"Minti tara. Zakuna huɗu. Hureira ta tsorata ƙwarai, amma ba ta ruga sama ita kaɗai ba, ta neme ni ta yi mini alama. Yau na san ta iya. Alhamdu lillahi, ban taɓa nutso mai daɗin wannan ba."

Gurbin sa hannun yana nan fari. Na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, sannan na sa hannu. Na shaida, Adda, ko da na makara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Abdulmajid, da 'yarku Rumaisa, da mahaifiyarki Inna Daso da dukan dangi a Yola, da 'yan'uwa ɗalibai na nan Kuala Lumpur. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da kika bari cikin albarka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya sa jinyar da kika yi ta zama kaffara, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ba ki taɓa barin kowa shi kaɗai a ƙasa ba. Ya Allah, kada Ka bar ta ita kaɗai a kabarinta. Amin.