Suwic ɗin da Na Ɓoye a Silin Alhaji

Ƙannena matasa, musamman masu koyon sana'ar hannu, ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Sakkwato sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba zai ƙare su da komai ba. Na yi sata, na yi zaman gidan yari. Amma abin da ya fi damuna a duk abin da na aikata shi ne sunan wani tsoho da na ɓata, kuma labarinsa nake so ku ji.

A unguwar Mabera aka haife ni. Mahaifina mahauci ne, kakana ma haka. Ni kuwa tun ina ƙarami in aka kayar da sa sai in kawar da kai, ba ni da aiki sai kwance rediyon mutane in kasa mayarwa. Da na gama sakandare baba ya gaji da ni, ya kai ni shagon Malam Nasiru a wajen Ƙofar Atiku, mai saka kyamarorin tsaro a gidaje da shaguna. Ya ce masa, "Ga shi nan. Wuƙa ta ƙi shi, a gwada mai waya."

Malam Nasiru mutum ne mai faɗa kamar ya ari baki, amma ya san aikinsa. Shi ya koya mini cewa kyamara ba ta da amfani in abin da ke bayanta ruɓaɓɓe ne. Akwai wani ɗan akwati da ake kira suwic, inda wayoyin dukkan kyamarori ke haɗuwa kafin hoto ya wuce zuwa rakoda mai naɗa. Mai kyau shi ne wanda ke tura wa kyamara wuta ta cikin wayar da ke ɗauko hoton, ba sai an ja wata wayar wuta daban ba. Kafin a saye shi sai an ƙirga kyamarori: in shida ne a ɗauki mai baki takwas, don gobe mai gida zai ce a ƙara. Sai kuma a duba ko ƙarfinsa zai ɗauke su duka in duhu ya yi fitilunsu sun kama, don lokacin suka fi jan wuta. Waya ta jan ƙarfe zalla, kada tsawonta ya wuce mita ɗari, a saka ta cikin bututu saboda ɓera da ranar Sakkwato. Suwic da rakoda kuma dole su zauna kan inbata, don in an ɗauke wutar gari su ci gaba da aiki.

Akwai wata ɗabi'a tasa da muke yi wa dariya. Kowace waya sai an naɗa mata farin tef a kai da gindi, an rubuta inda ta fito da inda za ta. In ka manta, sai ka sake hawa silin ko da la'asar ta yi. Yakan ce, "Wanda za shi gyara bayanka ba boka ba na." Shekara huɗu ina wannan rubutu har hannuna ya saba, ba na ma sanin na yi.

Da aka yaye ni na fara karɓar aikin kaina, nan Shaiɗan ya same ni, kuma bai sha wahala ba. Mai gida zai ba da kuɗin suwic mai kyau, in sayo na banza mai kama da shi. Waya in sayo ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Na ce a raina, wane Alhaji ne zai tattare babbar riga ya hau silin ya duba? In magariba ta yi kyamara ɗaya ta ɗauke, a kira ni, in zo in yi ta girgiza kai in ce zafi ne. A lokacin ban ɗauki wannan sata ba, wayo nake kiransa. Daga nan na daina barin masu gida su sa lambar sirri da kansu. Ni nake sa musu, in riƙe, in zauna a teburin mai shayi ina kallon ƙofar gidajen mutane a wayata.

A teburin nan wani dillalin dabbobi mai suna Lawwali ya leƙo wayata wata rana. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe kai ad da makullin gari kana zaune kana shan shayi ba madara." Na yi dariya, na ce ya bar wannan magana. Bai bari ba. Kullum sai ya zo ya zauna kusa da ni, yana cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma shi ba ya neman in ɗauki ko tsinke, ido ɗaya kawai zan rufe masa. Gaskiya ban daɗe ina ƙi ba.

Ana haka Alhaji Ummaru, wani mai fataucin shanu da raguna a bakin Mabera, ya kira ni in saka masa kyamara shida. Biyar a gaban gida da zaure da gareji, ɗaya a garken raguna da ke can baya, mai ƙofarsa daban. Mai kula da garken wani tsohon Bafillace ne, Malam Buba, ya fi shekara ashirin tare da Alhaji. Kwana uku da na yi ina aiki, shi yake riƙe mini tsani. Da rana ta take sai ya dama fura da nono ya miƙo mini, ya ce, "Sha, ɗana, aikin sama sai da ciki." Ranar da na gama ya tsaya yana kallon ragunansa a talabijin, yana ta murna. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Yanzu in tahi Juma'a hankali kwance, in tsaya har a yi addu'a, ba sai na sheƙo da gudu ba."

Ga abin da na yi. Garken ya yi nisa da falon Alhaji, wayar za ta wuce mita ɗari, don haka ana bukatar ƙaramin suwic a tsakiya. Wannan gaskiya ne, ko Malam Nasiru haka zai yi. Amma shi da zai ja masa wuta daga inbata. Ni sai na ɓoye shi a silin ɗakin ajiya, na jona shi da wutar gari. In an ɗauke wuta, kyamara biyar na aiki lafiya lau, ta garke kuwa ta mutu, kuma ba mai lura.

Juma'ar da ta rage mako biyu Babbar Salla, da azahar babu wuta a unguwar. Na duba wayata na ga garke ya yi baƙi, na kira Lawwali. Maza duk suna masallaci, har da Malam Buba. Lawwali da mutanensa suka zo da a-kori-kura ta ƙofar baya suka kwashe manyan ragunan da aka yi wata da watanni ana kiwo.

Alhaji ya kira ni da yamma, ransa a ɓace, ya ce me ya sa rakoda bai naɗi komai a garke ba. Malam Buba na tsaye a gefe, rawaninsa ya warware, idonsa ya yi ja. Da na ce na'ura ce ta samu matsala, da ƙila abin ya tsaya nan. Amma tsoro ya kama ni, sai na taɓa wayar kyamarar garken na ce, "Alhaji, wagga waya an taɓa ta. Kuma wanda yat taɓa ta ya san gidan ga." Ban ambaci sunan kowa ba, ban kuma bukaci in ambata ba. Kowa ya juya ya dubi tsohon.

'Yan sanda suka tafi da shi. Ya yi kwanaki a hannunsu, aka sake shi don ba shaida. Bai koma garken ba. Ya tattara tabarmarsa da butarsa ya tafi Kwalkwalawa wurin ƙanensa. A unguwa kuwa magana ta zauna: Buba ya ci amanar shekara ashirin.

Asirina ya tonu ne saboda kyamarar garke ta ci gaba da mutuwa bayan tsohon ya tafi. Alhaji ya kira Malam Nasiru ba tare da na sani ba. Shi kuwa da zuwansa ya kashe wutar gari da hannunsa, ya ga wadda ta ɗauke, ya bi bututu har ɗakin ajiya, ya hau silin. Sai aka aiko in zo. Na tarar da shi zaune a zaure, ƙura a hularsa, ƙaramin suwic ɗin a cinyarsa. Ya juyo mini da wayar. A jikinta ga farin tef, ga rubutuna ɓaro-ɓaro: "Garke, wutar gari." Wallahi ban tuna lokacin da na rubuta ba. Na shirya cuta tsaf, hannuna kuma ya yi abin da ya saba.

Malam Nasiru bai ɗaga murya ba, shi da ke faɗa a kan ƙusa ɗaya. Ya ce, "Wanda bai sani ba kuskure ya kan yi. Kai ka sani, har ka rubuta. Mi tsohon ga yay yi maka?" Sai na durƙusa na faɗi komai.

Kotu ta ɗaure ni shekara uku, Lawwali da mutanensa suka samu fiye da haka. Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai kuɗin cizo, akwai zafi, akwai tuwon da in ka jefi bango da shi bangon ne zai ji ciwo. Baba ya zo sau ɗaya, ya dube ni, ya ce mahauci yakan yi wa dabba bisimilla kafin ya yanka, ni ko wannan ban yi wa tsohon ba. Na yi kuka ranar kamar ƙaramin yaro. Wani malami da ke zuwa yi mana karatu ya faɗa mana cewa laifin da ke tsakaninka da Allah tuba na wanke shi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Tun daga ranar na san inda zan fara zuwa in na fita.

Da aka sake ni, Malam Nasiru ya karɓe ni, amma a shago kawai, ina matse kawunan waya, ba na shiga gidan kowa. Ban yi gardama ba. Alhaji Ummaru na je na same shi, ya ce dukiya Allah ya mayar masa, ya yafe, sai dai ya kasa haɗa ido da ni da na ambaci Malam Buba. A nan na gane bai taɓa zuwa wurinsa ba, kunya ta hana shi. Na kuma ji cewa har yanzu a unguwa akwai masu cewa ai bakinmu ɗaya da tsohon, wai shi ya bar mana ƙofa.

Na hau babur na tafi Kwalkwalawa. Na same shi a fadama yana ban ruwan albasa, ya rame, ya ƙara tsufa. Na yi sallama, na tsuguna a kan kunyar albasa, na ce, "Baba, ni na." Ya ce ya gane ni tun daga nesa. Na roƙe shi gafara, ina jiran ya zage ni ko ya kore ni, don da ya yi haka da na ji sauƙi.

Ya ce, "Kwanan da niy yi hannun 'yan sanda na yahe maka, ɗana. Amma ba cikin gonar albasa anka ce mani ɓarawo ba. Gaban mutane anka hwaɗi. In da gaske kake, can za ka mai da mani sunana."

Gidan yari bai ba ni tsoro kamar wannan ba, don na san masallacin unguwarmu yake nufi, nan babana ke salla, nan abokaina suke. Na ce masa to.

Ranar Lahadi na ɗauko shi a babur muka zo Mabera. Na riga na nemi izinin liman. Da aka sallame la'asar, liman ya ce jama'a su ɗan dakata. Na miƙe. Na faɗi sunana da na mahaifina. Na ce ni na jona kyamarar garken Alhaji Ummaru yadda za ta mutu, ni na kira ɓarayi, ni kuma na yi ƙaryar da ta sa aka kama Malam Buba. Na ce tsohon nan bai san komai ba, abin da ya haɗa ni da shi kawai fura ce da ya ba ni da tsanin da ya riƙe mini. Sai na ga Alhaji Ummaru ya tashi daga sahun gaba, yana ratsa mutane har sahun ƙarshe inda Malam Buba ke zaune. Ya durƙusa a gabansa da babbar rigarsa, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ban ji abin da suka faɗa wa juna ba. Na dai ga dattawa suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna zuwa gaishe shi. A bakin ƙofa, muna neman takalma, tsohon ya dafa kafaɗata ya ce, "Yanzu kam ba saura. Allah shi yi maka albarka."

Bayan wata biyu Malam Nasiru ya fara fita da ni aiki. Yau ina da masu kirana, wasu ma sun san tarihina suke kira. In na gama, nakan kira mai gida in nuna masa suwic ɗin da na sayo da kwalinsa, in kashe wutar gari a gabansa mu ƙirga kyamarori tare, sannan in juya baya ya sa lambar sirrinsa.

Ƙannena, duk wanda ya buɗe muku gidansa ya ce ku hau silin, ya ba ku abin da ba zai iya binku ya duba ba. Ku ji tsoron Allah a wurin nan da ba mai ganinku. Kada ku raina ƙaramar cuta, don ni da waya mai araha na fara. In kuwa kun riga kun cuci wani, kada ku jira sai kun ji sanarwar jana'izarsa. Ni na yi sa'a, na tarar da Malam Buba da rai. Ku tashi yau ku je, tun naku yana nan.