Noman da Munka Yi Ƙarƙashin Kurman Jirgi

Jama'a, wallahi tallahi wanga abu a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Lokacin ina acaba tsakanin Shinkafi da Badarawa, wata damina anka kira mu gayyar noma, kun san yanzu ba mai shiga daji shi kaɗai, sai munka yi ayari bisa babura, goyon uku-uku, kowa ya rataya hauyarsa a baya, wasu har da rufe fuska da rawani. Ku ji wauta don Allah. Wanda ya hango mu daga sama, me zai kira mu in ba 'yan bindiga ba?

Muna cikin tafiya da hantsi sai ga ƙugi kamar na zuma bisa kanmu, ina ɗaga kai na ga kurman jirgi, wanda babu matuƙi cikinsa, yana bin mu. Na hukuma ne ko na mutanen daji, Allah masani, yau kowa na da shi. Har na murɗa babur zan gudu sai ga wani dogon tsoho tsaye tsakiyar hanya.

Ya ce, "Kada wanda ya gudu, 'ya'yana. Ku kwance hauyoyinku ku kama noma nan."

Na ce, "Baba, gonar wa?"

Ya ce, "Kai dai duƙa."

Munka afka gonar geron da ke gefe, ciyawa ta cinye ta, munka kama noma. Jirgin ya sauko, ya kewaye mu, ya ƙare mana kallo, ya juya ya yi gabas. Kai, ranar mun yi kabbara! Don murna ba mu miƙe ba sai da munka nome gonar tas. Munka waiga mu yi godiya, babu tsoho, ƙasa jiƙe take amma ko sawunsa babu.

Can wata dattijuwa ta iso tana tambayar wa ya sa mu, ta ce gonar mijinta ce, cikinta anka kashe shi bara, ta rasa mai nome mata. Na fara kwatanta mata tsohon, ban kai ƙarshe ba ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa, ɗana," ta zauna ƙasa tana hawaye.

Mun koma gida ba wanda ya yi ko ƙwarzane, alhamdu lillahi, amma har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. In za ku gayya, ku bar rataya hauya a baya. In kuma wani tsoho ya ce ku duƙa, ku duƙa kawai.