Koren Mayafin Hajiya Hajara

Na daɗe da barin aikin hoto na koma kula da gidana, amma ranar da Baba Seidu ya shigo shagonmu ta ƙi fita daga raina. Litinin ce, saura mako uku babbar Sallah. Ku da kuke kan aikin yanzu nake so ku ji.

Shagon yana hanyar Manhyia, mu biyu ne a ciki. Masta Ɗanladi, mai shagon, shi ke ɗaukar hoto, ni kuma ina gyarawa a kwamfuta ina bugawa. Ga wanda bai san aikin ba: in an kawo tsohon hoto, sai in sa shi a sikana ya shiga kwamfuta, in share tabo da karce, in daidaita kala, sannan in tura wa firinta. Amanar aikin guda ce, abin da aka gani a fuskar kwamfuta shi zai fito a takarda.

Mako ɗaya kafin wannan rana Masta ya sa aka sabunta manhajar da muke gyaran hoto da ita. Daga nan amanar ta karye. A kwamfuta komai daidai, a takarda kuwa baƙin mutum sai ya fito jaja-jaja, kore ya koma ruwan ƙasa. Na kai ƙara wajen Masta, sai ya yi dariya.

"Rabi, ke kaɗai ke kuka. Ba ki ga 'yan matan Zango suna layi ba? Cewa suke injinmu na wanke mutum ba sabulu."

Gaskiya ya faɗa. Amare da ƙawayensu murna suke yi, har daga unguwar Sofoline ake zuwa. Saboda haka maganar kiran mai gyara ta koma sai bayan Sallah.

Baba Seidu ya zo ne 'yarsa Ayishetu na riƙe da hannunsa. Tsohon mai sayar da atamfa ne a babbar kasuwa. Ciwon suga ya riga ya cinye masa ido ɗaya, ɗayan kuma yana bin sahu. Ya ciro wani ɗan hoto daga aljihun gaban rigarsa, bai kai tafin hannu ba, ruwa ya taɓa shi ya koɗe. Matarsa ce, marigayiya Hajiya Hajara, ranar da ta dawo daga Makka.

"Ɗiyata, wannan kaɗai gare ni. Ya yi wa idona ƙanƙanta. Ki girmama min shi in ƙara ganinta kafin a kashe fitilar."

Na tambaye shi launin mayafin, don a hoton ya dushe. Nan tsohon ya miƙe zaune sosai. Ya ce kore ne, ba na ɗanyen ganye ba, na ganyen goro da ya kwana ɗaya a kwando. Shi ya zaɓa mata da hannunsa. Ita kuma baƙa ce, baƙi mai sheƙi, ba ta taɓa shafa komai ba sai man kaɗe.

Kwana biyu na yi a kan hoton. Da na gama suka dawo, Ayishetu ta leƙa kwamfuta ta toshe baki. "Wallahi Mma ce." Sai na tura wa firinta, ina ta salati a zuci, ko Allah zai sa wannan ɗaya ya fito daidai. Bai fito ba.

Masta ya duba ya ce, "Sa masa a firem. Tsohon da ba ya gani, me zai gane?"

Na sa, Allah ya yafe mini. Baba Seidu ya fita da shi bakin ƙofa inda akwai hasken rana, ya kara shi dab da idonsa, ya daɗe. Sannan ya miƙo min.

"Wannan matar waye?"

"Baba, Hajiya ce."

"Hajara ba ta yi bilicin tana da rai ba, sai da ta mutu za ku yi mata? Kuma wa ya ba ta mayafin nan mai kalar kunun kanwa? Shekara arba'in ina sayar da zane, ɗiyata. Idon ne ya tafi, ba hankalin ba."

Na zaunar da shi gaban kwamfuta ko zai ga na gaskiyar a can. Hasken ya soke shi, idon ya kawo ruwa, bai ga komai ba sai fari. Takarda kawai yake iya gani, ita ma a rana. Na ce ya ba ni kwana uku.

Na gwada duk abin da na sani. Na duhunta fuskar a kwamfuta har ta zama gawayi, a takarda ta fito kamar hanta. Na ƙara kore, ya fito kamar gansakuka. Na canja tawada, na canja takarda, har Masta ya fara ƙorafin ɓarna. Akwai hanya ɗaya da na sani sarai: in sa hoton a filash, ɗan abin nan na kwafar aiki daga kwamfuta, in kai wani shago a unguwar Adum su buga. Amma dokar shagonmu ce aiki ba ya fita waje, kuma ina tsoron fushin Masta. Har na sa hoton a filash ɗin na jefa a jaka, amma kullum sai in ce gobe zan roƙe shi, in goben ta zo in tarar da layin amare. Ayishetu ta kira sau biyu, ina ce mata an kusa.

Sai bayan Sallah da kwana huɗu mai gyara ya zo. Bai yi minti goma ba. Ya ce sabuwar manhajar tana daidaita kala da kanta, firinta ma tana daidaitawa, kamar mutum biyu kowa ya zuba wa miya gishiri bai san ɗayan ya zuba ba. Ya kashe na firinta, shi ke nan. Hoton farko da na buga na Hajiya ne. Ta fito baƙa mai sheƙi, mayafin kore shar kamar yadda ya faɗa.

Ban jira an tashi aiki ba. Na hau trotro, motar haya, zuwa gidansu a Ayigya Zango da hoton a ƙirjina. Ayishetu ta tare ni a zaure, ta dubi abin da ke hannuna, ta girgiza kai. Ta ce daren jajiberin Sallah jini ya sauka a idon, da safe ya tambaye su me ya sa gari bai waye ba.

Yana zaune a kan buzu a tsakar gida, rana na dukansa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na kawo. Ya karɓa, ya kai shi dab da idonsa kamar yadda ya saba, ya juya shi wajen ɗumin rana. Sannan ya sauke shi a cinya yana shafa gilashin.

"Mayafin ya fito?"

"Ya fito, Baba."

"Wane irin kore?"

"Na ganyen goro da ya kwana ɗaya."

"To, na yarda da ke. Allah ya yi miki albarka."

Bai zarge ni ba ko da kalma ɗaya, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Har na kai bakin zaure sai na ji ya ce wa 'yarsa a hankali, "Abin da ke damuna, Ayishetu, in na nemo fuskarta yanzu, waccan jar matar ce ke fara zuwa."

Na sani komai da lokacinsa, kuma Allah ne mai ba da gani, shi ne mai karɓa. Amma filash ɗin yana cikin jakata mako uku cur, kuma daga shagonmu zuwa Adum ba tafiya ba ce.

Abin da zan bar muku ke nan. In an taɓa manhaja, ku buga gwaji ku kara shi da kwamfuta kafin ku karɓi aikin kowa. In kala ta kauce, ku gyara a ranar, ko da duk Zango na tafa muku. Mutum ɗari za su zo don a ƙara musu kyau, mutum ɗaya zai zo neman fuskar da ya sani. Ɗarin nan za su iya jira har bayan Sallah. Baba Seidu bai iya ba.