Telan da ke cikin ganyen rogona

Shekarar da na sayi 'yar gona a Kwali, ganyen rogona ya kanannaɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya. Na yi ta feshi a banza. Cikin fushi na tsinko ɗaya na kai wa maƙwabciyata, malamar aikin gona.

Ta ce, "Alhaji, bairos ne, wato ƙwayar cuta. Da ya shiga ƙwayar halittar ganye sai ya tuɓe rigarsa. Ganyen ne ke haifa masa 'ya'ya, ya ɗinka wa kowanne sabuwar riga, sannan su fita."

Na daɗe ina jujjuya ganyen a hannuna. Na ce, "To wa zan fesa wa magani?"

Ta ce, "Ai telan rogonka ne. Sai dai ka tuge shi."